Babur Ɗin da Baba Bai Ji Ba

A lokacin ina aure a Birnin Kudu, mahaifina kuma yana garin Sara, yana ba da karatun litattafai a wani zaure da ke tsallaken titi daga gidanmu. Idanunsa sun daɗe da tafiya, amma Baba akwai kafiya, ko kusa ba ya yarda a ja masa sanda. Da kunne yake tsallaka titi. Sai ya tsaya a baki, ya karkata kai, ya ce wannan tifa ce, waccan motar Gwaram ce ta yi lodi ya wuce kima, in ya ji shiru ya wuce abinsa. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa kunnensa ya fi idanuna biyu aiki. Ni ce ma mai hana ƙannena takura masa.

Da fetur ya yi tsada, mutane da yawa suka ajiye motocinsu, wasu 'yan acaɓa suka koma babur mai caji. Na fi kowa murna, don ba hayaƙi, ba ƙara. Wallahi ko sau ɗaya ban kawo Baba a raina ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kira ni, aka ce in zo asibiti. Baba ya tsaya kamar kullum, ya saurara, ya ji shiru, ya sa ƙafa. Irin babur ɗin nan ne ya taho da buhun riɗi, ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Mai babur ɗin, magidanci da shi, yana kuka yana rantsuwa cewa da ya ga tsoho ya tsaya, ya ɗauka shi yake jira ya wuce. Baba ya ce ya yafe masa. Likita ya gaya mini masu bincike sun daɗe suna magana a kan haɗarin shirun ababen hawan nan ga masu tafiya a ƙasa, har a wasu ƙasashen ana sa musu ƙara da gangan.

Ƙashi ya haɗe, amma Baba bai sake tsallaka titin ba. Wata rana na lallaɓa shi muka je bakin hanya, ya damƙe hannuna, ya tambaye ni ko akwai abin da ke zuwa. Na ce babu komai. Ya ce ai ranar ma haka kunnensa ya gaya masa. Muka juya gida, ina kuka a ɓoye.

Abin da na koya shi ne, hanya ta canza ba a sanar da tsofaffinmu ba. Masu babur mai caji, don Allah ku riƙa danna hon tun daga nesa. Ba duk wanda ya tsaya a bakin titi ne ya gan ku ba, wani saurare yake yi.