Igiya Mai Ƙulli Tara

Shekarun baya, a daminar da ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke har shuka ta kwanta, na je rijiya da safe na yi sallama, babu wadda ta amsa. Mata sun fi goma a wurin. Jiya-jiya su ne masu tsokanata: "Madam Angile, yaya anka ce ma guga da Turancinku?" Ran nan kowace ta duƙar da kai ga igiyarta. Wata ta jawo ɗiyarta ta mayar bayanta kamar ta hango mahaukacin kare. Na ɗauka rasuwa anka yi ban ji ba, har na ce, "Lafiya dai ko?" Sai na ga an janye tulun da ke kusa da nawa.

Ni 'yar Unguwar Lalle ce, ƙasar Sabon Birni. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, sai anka ce wata makarantar kuɗi a tsallaken iyaka, cikin Nijar, tana neman mai koyar da Ingilishi. Su da Faransanci suke karatu, Ingilishi kuwa Angile suke ce mishi, shi ya sa sunan ya bi ni. Ban taɓa jin ni baƙuwa ce a garin ba. Gobirawa ne kamarmu, tsagen da ke fuskar mai garinsu shi ne a fuskar kakana. Shekara biyu na yi ina zaune gidan wata tsohuwa da nake ce wa Gwaggo. Da safe in shiga aji in sha ƙurar alli, da yamma 'yan matan unguwa su taru ƙarƙashin darbejiya in ƙara musu karatu don Allah. Babu suna ko biki da ban je na yi wanke-wanke ba.

Da ya rage mini kwana arba'in in gama wa'adin aikina, kewar gida ta taso mini. Sai na samu igiyar kaba na yi mata ƙulli arba'in, na rataye bayan ƙofa, kullum in na idar da sallar asuba in kwance ɗaya. Haka na ga kakata tana ƙirga kwanaki. Abin dariyar, ga kalanda a bango, kuma ni ce mai koya wa yara sunayen watanni. Amma kwance ƙulli da hannu yana da daɗin da zana biro bisa takarda bai da shi.

Wata rana maƙwabciyarmu, wadda ɗiyarta ba ta fashin zuwa gindin darbejiya, ta shigo aron allura. Ta ga igiyar ta tambaya. Na gaya mata gaskiya. Sannan bakina ya ja mini, na ƙara da dariya: "Ni dai in samu in ƙetare kwarin nan kafin ruwa shi cika shi." Akwai wani kwari a hanyarmu wanda in an yi ruwa babur ba ya wucewa. Iyakar abin da nake nufi ke nan. Kafin maganar ta zagaya gari ta dawo, ta zama 'yar Najeriya ta ɗaure ruwa a igiya, ba za ta sake shi ba sai ta tafi.

Ni duk ban sani ba. Daga rijiya na wuce makaranta, ajin da ke cika har bakin taga na tarar da yara shida. Shugaban makarantar ya kira ni ofis, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Madam, ni ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba."

"Na yi mi, Mushe?" Haka ake kiran malamin boko a can.

Shi ya fara gaya mini. Na yi dariya, don na zaci wasa yake. Bai yi ba. Ya ce shawararsa in haɗa kayana in sulale yau, takardar shaidar aikina ya aiko mini daga baya. Mutumin da ya yi karatu har birni, wanda shi da kansa yake koya wa yara yadda hadari ke haɗuwa!

Na koma gida na fara cusa tufafi cikin jaka. Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ina za ki?"

"Gida za ni, Gwaggo."

"In kin gudu kin amsa. Aje jakar ga."

Ranar ita ce ta uku da gari ke fita roƙon ruwa. Bayan azahar mutane sunka dawo daga fili, rana ta gasa su, sama fes babu ko ɗigon girgije. Sai ga ɗan aiken mai gari: ana kirana, kuma in zo da igiyar. Ƙulli tara ya rage a jikinta. Gwaggo ta yafa mayafi ta kama hannuna. Tafiyar ba ta da nisa, amma har yau in na rufe ido ina ganinta. Mutanen da na ci tuwon gidansu sun jeru jikin katanga suna kallon hannuna. Wani ya tofar da yawu. Wata yarinyar ajina ta buɗe baki za ta gaishe ni, uwarta ta doke mata ƙeya.

A ƙofar mai gari maza sun cika, liman yana zaune gefe bisa buzu. Wani dattijo ya miƙe, idanunsa jawur. Ban manta fuskarsa ba, don kamar ta mahaifina take.

"Ranka shi daɗe, iri biyu ni zuba bana, duk ƙasa ta cinye. Babu na ukku. Ba mu son dogon zance. Ta kwance abin ga gabanmu, yanzu."

Jama'a sunka ɗauka: "Ta kwance! Ta kwance!"

Wallahi na ji sauƙi. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na kai yatsu ga ƙullin farko, sai Gwaggo ta make mini hannu har igiyar ta faɗi ƙasa.

"Ke wawuya ta? In kin kwance ruwa yaz zo gobe, su ce ga shi, ita ta. In bai zo ba, su ce kin ɓoye wata ƙarƙashin gado. Ta ina za ki fita?"

Sai ta juya ga maza. Ta kwance haɓar zanenta ta zaro wata 'yar igiya baƙa ƙirin don tsufa, duk ƙulle-ƙulle, ta ɗaga sama.

"Ga tawa. Azumin da ciwo yac ci mini bara, da ita nika ƙirga ramuwa. Ku kama ni tare da ita. Wace tsohuwa ag garin ga ba ta da irinta? Kai, mai gari, da mi uwarka ta ƙirga takabar ubanka? Ni na murza mata kabar da hannuna, kana yawo ba wando!"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya ya yi saurin mayar da ita tari. Mai gari ya gyara rawani.

Liman ne ya miƙo hannu anka ba shi igiyata. Ya juya ta, ya ƙirga ƙullin da babban yatsa kamar carbi.

"Ruwa ba shi hannun kowa sai Mai sama. Wanda yac ce kaba ta gagari ikon Allah, shi je shi binciki imaninai. Igiyar ga tana zaurena, ba mai kwance ta. Yarinya kuwa amana ta a hannuna har ta cika kwananta tara."

An watse, amma kada ku ɗauka magana ta mutu. Kwana taran nan ban sake zuwa rijiya ba, Gwaggo ke ɗebo mana da tsufanta. Ita ke raka ni makaranta ta zauna bakin aji da sandarta. Mai fura ta daina tsayawa ƙofarmu. Gindin darbejiya ya koma wurin kwanciyar awaki. Maƙwabciyar nan kuwa ko allurar ba ta maido ba. Na yi wa yara shidan jarrabawa, na gyara takardunsu, ina leƙa taga in na ji an ɗaga murya a waje. Kullum ina roƙon Allah ya sauko da ruwa tun igiyar tana ɗaure, ya wanke ni. Bai sauko ba.

Rana ta tara yayana ya zo da babur ɗaukata. Gwaggo ta ɗaura mini ƙullin kuka da daddawa ta ce, "Tahi, kar ki waiwaya, ba ki yi ma kowa komi ba." Mun bar gari da kaɗan sai gabas ta yi baƙi. Hadari irin wanda anka yi wata guda ana kuka a gani. Manoma sunka fito bakin gonaki suna ɗaga hannu sama, mu kuma muna ratsa tsakiyarsu. Yayana yana ta murna, yana "Allah shi kawo! Allah shi kawo!" Ni kuwa tunanina daban. In ya zuba yanzu, ranar da na fita, me za su ce? Ga mu a ƙasarsu ba mu kai kwari ba. Ga Gwaggo can ita kaɗai, wadda ta tsaya mini gaban maza. Na ƙanƙame rigar yayana, na ji bakina yana motsi. Roƙo nake kada ya sauko.

Wannan shi ne abin da har yau ban yafe ba. Zagin na yafe, yawun da anka tofar na yafe, har dattijon nan, don na san abin da rasa iri yake yi wa mutum. Amma ni ɗiyar manomi ce. Gonar mahaifina tana ƙonewa a wannan rana ɗaya da tasu, hadarin da zai jiƙa tasu shi zai jiƙa tamu. Sun kai ni inda na ga hadari na roƙi Allah ya mayar da shi. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in gabas ta haɗa, kowa yana murna, ni sai in fara duba fuskokin mutane kafin in tuna ina gida. Kuma ban sake ƙulla igiya ba, ko ta shanya sai in ba wani ya ɗaura.

Muna hawowa daga kwarin, busasshe ƙayau, iska ta taso ta kwashe hadarin ta watsar. Ko ɗigo bai faɗo ba. Mun shiga Unguwar Lalle ana kiran la'asar. Mahaifina yana tsaye ƙofar gida da kalmen noma a kafaɗa, ya kafa wa gabas ido, bai ma ji tsayuwar babur ba. Na kasa gaishe shi. Na wuce ciki da gudu na faɗa jikin mahaifiyata ina kuka, ina ce mata ba ni na riƙe shi ba, wallahi ba ni ba ce. Ba ta san zancen me nake ba. Ta dai rungume ni tana shafa bayana.

"Yi shiru, ɗiyata. Kin iso gida, ba mai taɓa ki."

Ta bisa kafaɗarta ina hango mahaifina, har lokacin bai sauke kai daga sama ba.