Ranar da Na Durƙusa a Tsakiyar Titi

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, an gama maimai, gero ya kai ƙugu, ina aji biyar a firamare, Baba ya fito da baƙin kekensa daga zaure ya ce in zo in riƙe. Tun ranar Juma'a na ji ƙishin-ƙishin ni za a aika birni, amma ban gaskata ba sai da na ga Inna ta jera ƙwan zabi a kwando cikin ƙaiƙayi, tana ɗaure shi a kan kariyar bayan keken. Yayata Hassana ce ta haihu a Kano, Inna kuwa ta yi sati uku tana bin zabinta cikin gona tana tara mata ƙwan. Kawu Sale, ƙanen Inna, zai shiga gari da nasa keken, ni kuma in bi bayansa. Baba ya ce idan na je na dawo ba wanda ya kawo masa ƙarata, keken ya zama nawa na zuwa makaranta. Murna ta hana ni shan koko. Na danna tayoyin nan ya fi sau biyar, na buga ƙararrawa har kaji suka watse.

Ni dai tun ina yaro mai zullumi ne. Idan aka sa ni ɗaure akuya, sai na koma sau uku na taɓa igiyar kafin hankalina ya kwanta. A haka na koyi keke, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya saboda ban kai sirdi ba, ina zagaya filin makaranta bayan an tashi, abokaina suna bina da gudu kowa na roƙon zagaye ɗaya. A ƙauyenmu da ke bayan Minjibir gona na manne da gona, hanyar kuma burtali ce siririya, kuna haɗuwa da jakuna ɗauke da mangalar taki da 'yan mata masu tallan fura. Saboda haka hawan keke yana da ladabinsa, kuma na haddace shi kamar karatun allo. Mai kaya a kai shi ke da hanya. Ba a buga wa babba ƙararrawa a bayansa, domin Baba yakan ce, "Ƙararrawa sallama ce, ba kora ba." Babbar dokar kuwa ita ce idan ka hango dattijo, ka taka birki, ka sauka, ka durƙusa ka gaishe shi. "Keke ba ya wuce furfura," in ji Baba. Akwai ranar da na sauka sau bakwai tsakanin gida da rijiya.

Muka kama hanya da hantsi, iska na kaɗa rigata, gonakin gyaɗa na wucewa kore shar. Da muka hau kwalta sai na ji keken yana tafiya da kansa, ba yashi, ba rami, na fara waƙa ni kaɗai. Amma muna shiga bakin gari duniya ta canza. Motoci ta gaba, motoci ta baya, kowa na danna oda a ƙeyar kowa, babba da yaro, ba mai neman afuwa. Kawu ya waiwayo ya ce in riƙe gefena, kada in bar bayansa. Bai ce mini komai game da dattawa ba, ni ma ban tambaya ba, don ban ɗauka doka tana da iyakar gari ba.

Mun zo wata mararraba inda za mu karya hagu, Kawu ya miƙa hannu ya shiga tsakiyar titi, na bi shi. A nan idona ya faɗa kan Malam Garba, dattijon garinmu mai ɗinkin hula, wanda kullum bayan la'asar suke zama da Baba a ƙofar gida. Yana tsaye a gefen titi da lemarsa yana jiran mota. Muka haɗa ido. Na ga shi zaune a tabarmar Baba yana cewa ɗanka ya wuce ni a kan sirdi, na ga keken ya koma zaure. Ban san lokacin da na damƙe birki ba. Na diro, na riƙe keken da hannu ɗaya, na durƙusa a kan kwalta na ce, "Baba, ina kwana."

Ƙarar da ta biyo baya har yau tana kunnena. Wata bas cike da mutane ta ja taya ta tsaya, hancinta ya taɓa kwandon Inna, fasinjoji suka ɗauki salati. Direban ya diro, ƙato, gumi na zuba, yana cewa, "Kai ɗan ƙauye, titin nan gonar ubanka ce? Ku masu keken nan ku mutu, mu a ɗaure mu." Ni kuwa ina durƙushe, don Malam Garba bai amsa ba tukuna, kuma ba a tashi sai an amsa. Tsohon nan ya ratso motoci da lemarsa, ya kama kunnena, ya ja ni da keken zuwa gefe. "Gaisuwar da za ta kai ni gidanku ta'aziyya ba na son ta," ya ce. Sannan ya juya ga direban. "Kai kuma da gaskiyarka, amma ubansa da ka ambata abokina ne." Direban ya dubi farin gemun nan, jikinsa ya yi sanyi, sai ga shi ya cire hula ya rusuna yana cewa a yi haƙuri, Baba. Motarsa kuwa na can tsakiyar titi ta tare hanya, na baya suna ta danna masa oda, wani yana leƙowa yana tambaya ko titin gonar ubansa ce. Kawu Sale, da ya dawo da gudu yana haki, dariya ta sa sai da ya jingina kekensa. Na kwance kwandon na duba. Ƙwai uku ne suka fashe, ƙaiƙayin Inna ya ceci sauran.

Bayan mun kai wa Hassana ƙwan mun dawo, kwana biyu na yi a gida ban ci tuwon kirki ba. Ina kai wa awaki harawa ina leƙen zaure, ina jiran ranar da ƙarata za ta iso. Ranar Litinin bayan la'asar na hango lemar Malam Garba jingine a ƙofar gida, na ji suna dariya, sai Baba ya kira ni. Na durƙusa nesa. Ya ce Malam ya kawo ƙara, amma ba tawa ba, ƙarar shi Baba ce, wai ya koya wa yaro rabin karatu ya tura shi birni. Ya miƙo mini famfon keken ya ce, "Daga yau ka kauce tukuna, sannan ka gaisa." Washegari da keke na je makaranta, yara na bina a guje har bakin aji.

Yau shekaruna sun ja, a Kano nake ɗinki, kuma har yanzu da keke nake zuwa shago, ina ratsa 'yan adaidaita sahu da motocin da ba sa ganin mai keke sai sun kusa taka shi. Mu ma muna da namu laifin, mukan kutsa inda bai kamata ba. Kullum sai na duba birki sau uku kafin in fita. Idan na je gida nakan ga samari a kan babur suna wuce tsofaffi a burtali, gaisuwar ba ta wuce ɗaga hannu, tsofaffin ne ma ke raɓewa jikin shinge. Malam Garba da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma ko a tsakiyar gari na hango furfura, sai na ji yatsuna sun nemi birki, in duba baya, in gangara gefe, in sauke ƙafa. Wani ya amsa, wani ya bi ni da kallo yana tunanin inda ya san ni. Ni dai na kauce, kuma na gaisa.