Ƙahon Stanley

Egidio Bellucci ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran agogo a garin Erie, amma ba da wannan aka san shi ba. Tsofaffin waƙoƙin Italiya yake ɗaukowa, waɗanda aka tsara wa muryoyi biyar tun shekaru ɗari huɗu da suka wuce, ya raba su ga masu busa ƙahon tagulla su biyar. Da fensir yake rubutu. Duk Alhamis da yamma sukan haɗu a ɗakin ƙasa na coci su gwada.

Muryar sama, wato ƙaho na ɗaya, ta Stanley Prokop ce tun ba su yi furfura ba. Ana nan sai Stanley ya sa haƙoran roba. Da busa ta hau sama, sai sautinsa ya yage kamar tsohon ƙyalle.

Doreen, mai ƙaho na biyu, ta tare Egidio a bakin ƙofa.

"Gidio, busar da za mu yi a bikin Ista saura wata biyu. Sauran sun ce ko ka gaya wa Stanley ya sauka daga ƙaho na ɗaya, ko su gaya masa."

"Na ji," in ji shi, ya sa hularsa.

A irin waɗannan waƙoƙi, muryoyin sama biyu kan yi ta saƙa juna kamar kitso. Egidio ya zauna ya warware kitson. Duk inda hanyar Stanley ta hau, ya miƙa wa Doreen, ya ba Stanley tata. Ya sake kwafe komai da hannu, bai taɓa sunan da ke saman takardar ba.

Ranar Alhamis aka busa har ƙarshe, babu abin da ya yage. Stanley ya juya takardar, ya leƙo ta saman tabarau.

"Kai, mai agogo, ina tudun nan na shafi na biyu?"

"Wane tudu?"

"Shekara ashirin ina hawansa."

"Tsufa ne, Stan. Har ka fara ganin tudu a fili."

Doreen ta duƙufa wajen zubar da ruwan da ya taru a ƙahonta.

Stanley ya daɗe yana kallon Egidio. Can ya lashi leɓe, ya gyara zama a kujerarsa.

"To," ya ce. "Kakannin naka na Italiya masu waƙoƙin nan dai sun yi sauƙin kai kwanan nan. Mu koma farko."