Muryar Awal

Ɗana Awal tela ne a Tsarnawa. Yana ɗinki yana rera waƙoƙin da shi ya ƙirƙira, yana ɗaukar su a wayarsa. Zazzaɓi ya ɗauke shi da damina, bai kai shekara talatin ba.

A zaman makoki abokansa suka ce, "Baba, a ba mu waƙoƙinsa." Ba a hana mai ta'aziyya abu, sai na miƙa wayar. Suka zare katin ajiyar waƙoƙin da ke cikinta, ya yi ta yawo a wayoyinsu, waɗanda ke cike da waƙoƙin da suke tura wa juna, kafin su mayar da shi.

Bayan addu'ar bakwai mahaifiyarsa ta ce in kunna mata muryarsa. Sunayen waƙoƙin suna nan, amma duk wadda na taɓa sai ƙara. Na bi abokan ɗaya bayan ɗaya, nasu ma sun lalace. Habibu, amininsa, ya ce, "Birus ne, Baba, cutar waya. Ai wayata ta daɗe tana cin waƙoƙi."

Ya sani, kuma ya sa katin a cikinta. Na ce masa kada ya sake taka gidana. Mahaifiyar har yau tambaya take ko an gyara.