Sista Veronica, wadda ba ta yarda da "lafiya lau" ba

Kullum da safe Sista Veronica takan fito daga ɗakinta na haya a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke birnin Doha, ta nufi gidan Injiniya Nasidi, inda ta shekara da shekaru tana jinyar mahaifiyarsa, Hajiya Ikhlas, mai ciwon suga. Gaisuwarsu ba ta canzawa. "Mama, yaya jiki?" "Lafiya lau." Sai Sista ta ɗauko na'urar gwaji duk da haka, ta leƙa ƙarƙashin matashin kai ko an ɓoye dabino. Hajiya ba ta kiranta da suna, sai dai "'yar rahoton Nasidi".

Ƙarshen watan nan Sista za ta ajiye aiki ta koma Kagoro. Mutanen gidan sun ba ni labarinta iri-iri, amma na hutun da suka je yankin Wales na Birtaniya ne ya fi zama a raina.

Da zafin Doha ya tsananta a bara, Nasidi ya kwashi iyalinsa har da Sista, suka kama gida a ƙauye kusa da teku. Suka yi ta yawo a motar haya cikin ƴan siraran hanyoyi, tumaki warwatse a kan tuddai kore shar. A Tenby tsuntsun teku ya fizge soyayyen dankali daga hannun jikar Hajiya, tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Ranar ce ta tuɓe takalmi ta taka yashi, wai rabonta da taka jiƙaƙƙiyar ƙasa tun tana yarinya a bakin kogin Haɗeja.

Kowa na murna, ban da Sista. Ta lura Hajiya, wadda ba ta son safa, yanzu ba ta cire ta. Kuma a da Sista ce ke riƙe ta idan za ta wanke ƙafa wajen alwala, amma sai ga shi tana kulle banɗaki. Da aka je Aberaeron kallon gidajen garin masu launi-launi, Hajiya ta ce a bar ta a mota, iskar ta yi mata yawa.

Da Sista ta yi maganar, Sakinatu, matar Nasidi, ta ce, "Sista, ke dai ba kya rabuwa da zargi. Sanyi take ji, khalas, shi ke nan."

Sista ta bari sai da aka watse zuwa bakin ruwa, ta shiga motar ta rufe ƙofa.

"Mama, ki ba ni ƙafar nan in gani."

"Wace ƙafa kuma? Lafiyata ƙalau."

"To in lafiya ce, kallo kawai zan yi."

Hajiya ta cire safar, ta miƙo ƙafar. Ashe ɓawon wata halittar teku ya yanke ta a ƙarƙashin babban yatsa. Wurin ya kumbura, ya fara ruwa, ja yana hawa sama.

Tsohuwa ta riƙe hannunta gam. "Don Allah kada ki faɗa masa. Dubi can, dubi yadda yake wasa da ƴaƴansa. A Doha yaushe suke ganinsa? Ki ɗaure mini kawai har mu koma."

Sista ta ce wannan roƙon ya fi mata komai nauyi a duk shekarun aikinta, don gaskiya tsohuwar ta faɗa. Amma ta zare hannunta, ta fita ta kira Nasidi. A asibitin wani gari da ke kusa, likita ya wanke ciwon, ya ce da an ƙara jinkiri, yatsan ba zai tsira ba, wataƙila har ƙafar.

Hutu bai watse ba. Sista ta nemo keken marasa lafiya, ta riƙa tura Hajiya a doguwar hanyar bakin teku ta Aberystwyth, ruwan sama na yayyafi, ita kuwa tsohuwa ko kallonta ba ta yi. Har jirgi ya sauka a filin Hamad na Doha ba ta ce mata uffan ba.

Sista, ke ce kika yarda a yi fushi da ke, muddin ƙafar tana nan. Ke ce kika san lokacin alwalar wadda ba addininku ɗaya ba, har kika gane ranar da abin ya canza. Ƴar Kagoro, mai ido a kan mara lafiya, sannu da aiki.

Da aka gaya wa Hajiya cewa Sista za ta tafi gida, sai ta ce da ɗanta, "Wa zai riƙa kama ni yanzu? Duk sauran mutanen, abin da na faɗa suke ɗauka."

Mun gode, Sista Veronica. Allah Ya kai ki gida lafiya, Ya ba ki masu kula da ke yadda kika kula da uwar wani. Ku kuma da kuke da tsofaffi a gida, idan sun ce lafiya lau, ku amsa musu da ladabi, sannan ku durƙusa ku duba.