Hannun Halliru Mai Fenti

A Wudil ta shekarun 1950, lokacin da albarkar gyaɗa ta sa kowace mace ke son kabad ɗin jera kwanuka a ɗakinta, idan aka ce mai fenti, Halliru ake nufi. Rumfarsa tana bayan kasuwa, ta hanyar gangarawa kogi. Ɗan gajeren mutum ne mai kafiya, wanda ba ya ga maciji da gaggawa. Kafinta zai kawo kabad ya ce ana jira, Halliru ya shafa katakon da tafin hannu, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ai bayan kada ne." Sai ya zauna da samfefa yana gurza har ƙura ta yi masa furfurar dole. Ya cike ramukan ƙusa, ya shafa farin fenti na ƙasa, ya bar shi ya bushe, ya sake gurzawa, sannan shuɗi ko kore ya hau.

Abin da ya kai sunansa har Darki da Utai shi ne furannin da yake zanawa a ƙyauren kabad. Da ɗan siririn buroshi yake yi, kuma kafin kowane layi sai ya sa bakin buroshin tsakanin leɓɓansa ya tsotse shi har ya yi tsini. Haka ya ga maigidansa yana yi a Kano. Farin fentin wancan zamani kuwa da dalma ake haɗa shi, mai cin jikin mutum a hankali, amma babu wanda ya taɓa gaya wa Halliru. Da hannun nan mai fenti yake ɓare goronsa.

Ciwon ciki ne ya fara, irin mai murɗa mutum har ya duƙa. Daga baya hannun dama ya soma rawa, buroshi na suɓucewa. Halliru bai damu da cikin ba, hannun ne ya tsorata shi, domin ba shi da gona ko kadada, ba shi da wata sana'a. An yi rubutun sha, an yi turare, an kai shi wurin mai magani a Indabo. Kowa ya ce iska ce.

Matarsa Yelwa ce kaɗai ta yi wani tunani. Ita ke wanke masa riguna, ita ke ganin ruwan yana yin fari kamar tsarin gero. Wata rana ta ajiye masa tuwo, ta durƙusa, ta ce, "Malam, ni fa zuciyata ba ta kwanta da fentin nan ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Yelwa, wane wata na fi yin fenti?"

"Na azumi, saboda aikin Sallah."

"To wane wata nake samun sauƙi?"

Gaskiya kuwa ya faɗa. Duk shekara da azumi ya yi nisa cikin ke lafawa, hannun ya ɗan dawo. Ya ce, "Ka ji mata! A watan ne ake ɗaure shaiɗanu. An ɗaure mai taɓa ni, shi ke nan maganar."

Abin takaici, amsar tana nan a rumfarsa, ba wanda ya duba. Da azumi Halliru ba ya kai buroshi baki, don kada wani abu ya wuce maƙogwaro, da yatsu yake murza shi. Yana naɗe hanci da baki da jelar rawani kafin ya yi gurza, har ya yayyafa wa katakon ruwa don ƙura ta kwanta. Babu cin goro a bakin aiki, kuma sai ya wanke hannu tas kafin ya sha ruwa. Duk don kare azumi yake yi. Da an sauko daga Idi sai ya kwance rawanin, ya koma gidan jiya.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, sauƙin na raguwa. Wata Juma'a, ana tsakiyar cin kasuwa, yana zana fure sai hannun ya lanƙwashe daga wuyan hannu, ya yi lilo kamar ganyen da rana ta daka. Ya ɗaga, ya ƙi ɗaguwa. Mai kabad ɗin ya yi haƙuri har ya gaji, ya zo da jaki ya ɗauke kayansa da rabin fure. Halliru bai karaya ba. Duk mai zuwa dubiya sai ya ce masa, "Ku dai bari azumi ya zo."

Azumi ya zo. Goman farko ta wuce, ta tsakiya ta wuce, hannun na kan cinyarsa yadda aka ajiye shi. Yelwa ta daina kallon wajen, don in ta kalla hawaye ke zubo mata. Wata yamma, an kira magariba, ta kawo kunu ta ajiye a damansa kamar kullum. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Can ya ce a hankali, "Yelwa, ai an ɗaure su. To wa ke riƙe min hannu?"

Ta sunkuya, ta ɗauki ƙoƙon, ta mayar da shi ta hagunsa.