Baki Kawai Na Taɓe

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina jinyar masu ciwon damuwa a Maiduguri, wannan kam ya zauna mini daram a rai. Abin haushin ma, ba wata magana na yi ba.

Lokacin ne sojoji ke kuɓuto da mata daga daji. Cikinsu akwai wata Babarbariya siririya mai goyo da ke zuwa wurina duk Talata, Hausarta a karye. Ta yi wata biyu ba ta cewa komai sai "kaina yana ciwo". Ranar da bakinta ya buɗe, ta gaya mini shekara uku ta yi a hannun wani ɗan bindiga, shi ne uban ɗiyar, kuma wani sa'in har kewarsa take ji, kunyar hakan ce ke hana ta cin abinci. Na ce mata abin da aka koya mana, cewa maganar ɗakin nan a nan za ta mutu.

To amma ni ma da nawa ciwon. Mutanen nan su suka ƙone cocin ƙauyenmu a kudancin Borno, ƙanena yana ciki. A wurin aiki ma in mun keɓe, "annoba" muke kiran irin waɗannan mata, har da dariya. Mu da aka ɗauka don mu warkar da su!

Rannan na tashi aiki sai wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa. Ashe shi ya ba Babarbariyar nan ɗaki a gidansa a unguwar Bolori. Ya ce maƙwabta sun sa shi gaba da surutu, shi kuma ba ya son ya kori marainiyar Allah a kan jita-jita. Ya ce, "Sista, tsakaninki da Allah, matar 'yan daji ce?"

Na ce, "Baba, aikinmu ya hana mu faɗin sirrin majinyaci."

Daidai da yadda yake a littafi. Sai dai ina gama faɗa na taɓe baki, na kau da kai gefe. Labarin zuciya dai a tambayi fuska. Dattijon ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya tari Keke Napep. Ni kuwa na koma gida Gomari ina ji da kaina, wai na riƙe amana.

Da Talata ta zagayo sai ga ta da ƙullin kaya a ka. An kore ta, har wata maƙwabciya ta tofa wa ɗiyar yawu. Na nuna mata kujera, ta ƙi zama.

Ta ce, "Sista, ke kaɗai na faɗa wa."

Na shiga rantse-rantse cewa ban faɗa wa kowa komai ba, kuma gaskiya na faɗa, wannan ne ya fi ƙona mini rai har gobe. Ta dube ni kawai, ta ajiye katinta a kan tebur, ta gyara goyonta ta fita. Na bi sansanonin gudun hijira ina cigiyarta, ban sake ganin ko mai kama da ita ba.

Tun daga nan na gane amana ba a harshe kaɗai take ba. Duk ranar da ka daina ganin majinyacinka a matsayin mutum, ko ka ɗinke bakinka sai ka tona masa asiri.